Ba zafin rana ne ke ƙona mana injin mota ba

Duk shekara idan watan Afrilu ya kama, sai ka ga motoci jere a gefen titi, bonet a buɗe, tururi na tashi, direba riƙe da galan yana neman ruwa. Kowa sai ya ɗora wa rana laifi. Ni kam na daina yarda da wannan magana. Gaskiya ne a Sakkwato da Maiduguri zafi na wuce digiri 40, amma injin mota an ƙera shi ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Rana tona asiri kawai take yi, ɓarnar mu muka yi ta tun da daɗewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cire tamostat. Ka sayo mota 'yar Kwatano, ka kai ta gareji, kafin ka zauna bakanike ya ce: "Alhaji, a cire wannan, na ƙasar sanyi ne, ba namu ba ne." Haka aka yi mini, na kuwa amince, domin a lokacin ban san aikinsa ba. Ɗan ƙaramin abu ne da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya ɗumama, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto, inda iska ke sanyaya ruwan. Idan ka cire shi, inji zai daɗe bai kai zafin da yake bukata ba, ya riƙa shan mai fiye da kima, yana cin kansa a hankali. A wasu motocin ma, rashinsa na sa wani ɓangare na ruwan ya riƙa zagayawa ta gajeriyar hanya bai shiga lagireto ba. Idan tamostat ya lalace ya maƙale a rufe, eh, mota za ta tafasa. Maganinsa a sa sabo. Haka ma masu haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa ba tsayawa, rufe ciwo ne kawai, ba a gano abin da ya kawo shi ba.

Sai ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya, ruwan burtsatse, wani ma na leda, duk abin da hannu ya kai. Ku duba cikin butar da kuke dafa ruwa a gida, ku ga farin dattin da ke manne a gindinta. Irinsa ne ke taruwa a cikin siraran bututun lagireto har su toshe, ga tsatsa tana cin fuka-fukan wata-famfo, wato famfon da ke zagaya da ruwa a cikin inji. Kulan, wato ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa, ba ado ba ne, yana hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasar ruwa.

Ni a Hawan Kibo na koyi darasina, a hanyar Jos. Mota cike da iyali da kaya, na ga allurar zafi tana hawa, na ce bari mu ƙarasa saman tukuna. Ba mu ƙarasa ba. Da aka kwance tiyo, ruwan da ya zubo ja ne wur kamar kunun kanwa, har da gudaji-gudajin tsatsa. Na zaro sandar gwajin baƙin mai, sai na ga ya koma kamar shayi da madara. Gasket, wato shimfiɗar da ke hana ruwa haɗuwa da mai a inji, ya ƙone, kan silinda (murfin saman inji) ya lanƙwashe. Tafiyar da ba ta kai ta minti 5 ba da na ƙi tsayawa, ita ta ci mini kuɗin da da zai saya mini kulan na shekaru, ga yara a rana a bakin hanya. Har yau idan na tuna fuskar ƙaramarsu sai raina ya ɓaci.

Wani abu da ba a kula da shi: murfin lagireto. Ruwa na tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana matse shi ta yadda sai ya kai wajen 120 kafin ya tafasa. Robarsa ta tsufa, shi ke nan, ruwa ya riƙa guduwa kana ƙarawa kullum kana zargin wani wuri. Kuma yana cikin mafi arha a kayan mota, ko a Ƙofar Ruwa ko a Panteka. Fambel (bel ɗin fanka) da tiyo ma a riƙa dubawa. Bayan hunturu a wanke gaban lagireto, domin ƙura da leda da ƙwari kan toshe masa iska.

Don Allah, idan allura ta haura, a kashe na'urar sanyi, a gangara gefe a kashe mota. Kada a taɓa murfin nan da zafinsa. Na ga yaron mota da ruwa ya yi tsartuwa ya saɓule masa fatar hannu har gwiwa, don kawai maigidansa na sauri. A jira aƙalla minti 30. Kada kuma a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, kan silinda na iya tsagewa.

Yanzu kowace Asabar da safe, kafin in tayar da ita, sai na buɗe bonet na duba ruwa, na leƙa ƙarƙashi ko akwai ɗigo. Tamostat ɗin kuwa na mayar da shi tun a gyaran nan, duk da bakaniken ya so ya yi mini musu.