Ba taurin kai ba ne kawai

Wani marubuci ya ce samarin ƙauye sun daina jin maganar iyaye. Malam, ni ina koyarwa a ƙaramar sakandare kusa da Ringim, wallahi abin ya wuce haka. Yaro ɗan shekara 14, murya ta yi kauri, ya yi tsawo, sai mu ɗauke shi babba. Alhali sashen gaban ƙwaƙwalwa, mai sa mutum ya yi tunani kafin ya aikata, ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 25. Kaka na wucewa kuma mu tura shi cirani Legas, ba mai tsawata masa. Wani ɗalibina mai ƙoƙari ya dawo bana, har yau bai sake taka aji ba.