Rashin kallon ido ba rashin iya aiki ba ne

Masu tantance ma'aikata da yawa na ɗaukan mai otizim (yanayin ƙwaƙwalwa da ke shafar yadda mutum ke mu'amala da jama'a) da bai haɗa ido da su ba, ko ya yi jinkirin amsa, a matsayin wanda bai san aikinsa ba. Kuskure ne babba, kuma yana ci mini rai. Ganawar minti 30 iya zance take aunawa. Ina ruwanta da gano kuskure a manhaja? Shi ya sa kamfanin Microsoft ya fara wani shiri na ɗaukar masu otizim aiki a 2015, inda ake barin mai nema ya yi kwanaki yana nuna aikinsa a aikace. Masu otizim da yawa kuma ba gazawa ke sa su sauya sana'a ba. Hayaniyar ofis da tarukan da ba sa ƙarewa ne ke gajiyar da su.