Firizar Yaya a Aboabo

Shekara shida ke nan ina aikin dare a wata masana'antar nama a Ingila, inda ake yanka dafaffen nama falle-falle a rufe a leda. Ni mai wanki ce. Idan masu aikin rana suka tashi, mu ne muke kwance injin yanka gaɓa-gaɓa, mu cire wuƙa da bel da kusoshi, mu dirje da buroshi, mu ɗauraye, a fesa magani. Bayan mun gama sai wata mata ta zo da auduga a kan tsinke, ta shafa bakin magudanar ruwa da ƙarƙashin tayoyin amalanke, ta kai ɗakin gwaji. Ƙwayar cutar da take farauta sunanta Listeriya.

Ba a fili take zama ba. Tsagar roba take shiga, ko inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi irin santsin da ke kama cikin randa idan an kwana biyu ba a wanke ba. Ruwa ya bi ta kai ya wuce, tana nan daram. A Amurka an taɓa samun iri guda da ya zauna a wata masana'antar naman talo-talo daga 1988 har 2000. Sanyi kuma ba ya kashe ta. A cikin firji ma hayayyafa take yi a hankali.

Bara na zo Kumasi hutu, na sauka gidan yayata a Aboabo. Burkina take yi, madara da gero, ta ɗura a gorar roba yara su kai kasuwar Kejetia. Mace ce mai tsafta, tukwanenta kana iya duba fuskarka a jikinsu. Amma da na ɗaga murfin firizarta na ja robar bakin da yatsa, sai ga baƙin danshi kwance tsaf a cikin ninkin. Na ce, "Yaya, yaushe rabon da a kwashe kayan nan a wanke ta?" Ta ce, "Ke kuma da naki! Abin da ke cikin ƙanƙara me zai same shi?" Daren nan aka ɗauke wuta, kaya suka saki ruwa, da asuba suka sake daskarewa.

Mutanenmu suna cewa cikinmu ya saba, na Bature ne ba ya jure komai. Ban yarda ba. Abin da ya daɗe yana kare mu a Zango wuta ce. Koko, waakye, tuwo, tsire, duk daga kan wuta sai ciki, kuma kafin la'asar tukunya ta ƙare. Katakon mahauci ya sha sara har ya yi rami, amma naman zai tafasa a miya, dahuwa mai kyau kuwa tana gamawa da ƙwayar cutar. Burkina fa? Yogot, salak, sosej da ake ci da sanyi? Babu wuta tsakaninsu da baki. Firiza da injin markaɗe sun shigo gidajenmu, amma al'adar kwance su a wanke ba ta biyo su ba.

Wanda yake ganin wannan ciwon Turawa ne ya tuna Afirka ta Kudu. Tsakanin 2017 da 2018 mutum sama da 1,000 suka kamu, fiye da 200 suka rasu, da yawansu jarirai. Da aka bi sawu, wata babbar masana'antar sarrafa nama ce a Polokwane.

Maganar jariran nan ita ta fi tsaya mini a rai. Mai ciki za ta ji ɗan zazzaɓi da ciwon jiki, a ce maleriya ce, sai ciki ya zube ko a haifi ɗa ba lafiya. Ciwon yana iya ɗaukar makonni, wani lokaci har wata biyu, kafin ya bayyana. Wa zai tuna gorar da ya sha a tasha wata biyu da suka wuce? Shi ya sa da Yaya ta ce ba wanda ya taɓa dawo mata da ƙorafi, na gaskata ta, amma hankalina bai kwanta ba. Ba na cewa akwai ƙwayar a kayanta, ɗakin gwaji ne kaɗai zai iya faɗa. Ina so ne jami'an Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana su riƙa shigowa lungunan Aboabo da Asawase da audugar nan, su yi wa mata bayani da Hausa, ba sai ranar kama mutane ba.

Ranar Asabar kafin in koma, muka kwashe firizar kaf. Muka dirje ninkin robar da tsohon buroshin haƙori da ruwan zafi, muka kwance gindin injin markaɗenta, abin da ya fito daga ƙarƙashin wuƙar ita kanta sai da ta yi salati. Yanzu duk Asabar tana turo mini hoton firizar a buɗe tana shan iska a tsakar gida. Maganar daina ɗura burkina a tsoffin goruna ce har yau muke ja, don ta ce sababbi sun yi tsada, kuma da gaskiyarta.