Sigari kara-kara: a nan ake kama yaranmu

Akwai wani mai tebur a bakin layinmu, daf da mai shayi, ya ɗaure laita da zare a jikin tebur don kar a wuce masa da ita. Da safe kafin na gama shan shayi sai na ƙirga mutum biyar shida, kowa "ba ni kara ɗaya", ya kunna a nan take, ya haɗa da minti ko ɓarin goro don kashe wari. Wanda ya fi tsaya min a rai wani yaro ne da bai wuce shekara 12 ba, wai babansa ne ya aiko shi kara biyu. Aka miƙa masa, ba wanda ko ɗaga kai ya yi.

Ni dai ban taɓa jin wanda ya ce ya ji daɗin karan farko ba. Tari ne da jiri da hawaye, amma a majalisa ake, abokai na kallo, kar a ce kai yaro ne, sai ka daure ka sake zuƙa. Daga nan kuma magana ta koma hannun nikotin, sinadarin da ke cikin taba, wanda cikin 'yan daƙiƙu yake isa ƙwaƙwalwa, ya sa mutum ya ɗan ji wasai, jim kaɗan ya janye, jiki ya fara neman ƙari. To wannan "tana kwantar min da hankali" da mashaya ke faɗa, ai ita ce ta tayar da hankalin tun farko, ƙishirwar da ta haddasa take kashewa, shi kuma yana gode mata. Direban dogon zango zai ce don barci yake sha, lebura ya ce tana danne yunwa, wannan kam gaskiya ne tana rage son abinci. Amma masu cewa maganin sanyi ce lokacin hunturu sun yi kuskure, domin nikotin matse jijiyoyin jini yake yi, hannu da ƙafa ma ƙara sanyi suke.

Hayaƙin nan yana ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo ciwon daji. Har da irin gubar da ke cikin hayaƙin janareta, wadda duk mun san tana kashe iyali guda in an kwana da injin a ɗaki, bambancin kawai mai sigari kaɗan-kaɗan yake shaƙar tasa. Ga baƙin kwalta da ke liƙewa a huhu, ga ciwon zuciya, ga shanyewar ɓarin jiki, kuma mashayi ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Akwai ɗaya da ba a so a faɗa a majalisa, tana rage ƙarfin namiji, wata ƙila da wannan aka rubuta a jikin kwali da an fi saurin dainawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu ba su taɓa sa ta a baki ba, hayaƙin wani suka shaƙa. Ka tuna maigidan da ke zaune da mata da 'ya'ya a ɗaki ɗaya.

Abin da ke ban haushi shi ne doka akwai ta. Tun 2015 Najeriya ta yi dokar taƙaita shan taba, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sha a wuraren taruwar jama'a, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali sukutum. Kuma wallahi wannan ta ƙarshen ita ce mai muhimmanci, saboda ɗan sakandare ba shi da kuɗin kwali, ko yana da su ina zai ɓoye kwali a gida? Kara ɗaya kuwa canjin aike ya isa, a shanye a bayan makaranta, a tsotsi minti a shigo gida lafiya lau.

Wasu za su ce talaka ne mai tebur, da wannan yake ci da iyali, na yarda, ba kuma cewa na yi a kwashe shi a kai caji ofis ba. Amma a ce shekara da shekaru da doka, ba a ko zagaya an faɗa wa masu sayarwa ba? Ran nan na tambayi namu ko ya san an hana sayar da kara-kara. Dariya ya yi, ya ce Malam tun da ya kafa teburin nan sau nawa ka ga an sayi kwali, sannan ya juya ya miƙa wa wani ɗan acaɓa laita.