Kagarar Hisn ta Siriya: su wa suka gina ta?

Kimanin kilomita 40 yamma da birnin Homs na ƙasar Siriya akwai wata kagara a kan tudu mai tsayin kusan mita 650, tana tsare da hanyar da ta ratsa duwatsu daga cikin ƙasa zuwa gaɓar Bahar Rum. Mutanen yankin suna ce mata Ƙal'atul Hisn, Turawa kuwa suna kiranta Krak des Chevaliers, wato kagarar barade. Wannan suna na biyu shi ne ya cika littattafai, kuma a ganina ya yi wa tarihin wurin rowa, domin ya miƙa wa ƙungiya ɗaya ginin da hannuwa da yawa suka ɗaga.

Wanda ya fara kafa sansani a wurin sarkin Halab ne, Shibl al-Daula Nasr, a shekarar 1031, ya kuma zaunar da sojojin Kurdawa a ciki, abin da ya sa aka daɗe ana kiran wurin Hisnul Akrad, wato kagarar Kurdawa. Mayaƙan Salibiyya, wato Kiristocin Turai da suka zo yaƙi a yankin, sun ƙwace shi a 1110, sannan a 1142 Raymond na Biyu, mai mulkin Tripoli da ke Lebanon ta yau, ya ba da shi ga ƙungiyar baraden Hospitaller, wata ƙungiyar addini ta mayaƙan Kiristoci, domin su tsare masa iyakar gabas.

Ba zan hana baraden nan haƙƙinsu ba. Su ne suka sake gina kagarar bayan girgizar ƙasa ta 1170, suka kuma kewaye ta da ganuwa ta biyu bayan ta 1202, har ya zama duk wanda ya karya ta waje sai ya tarar da wata ta fi ta tsayi tana kallonsa. Mashigarta doguwar hanya ce mai rufi wadda take lanƙwasa kwatsam, maharbi na sama yana ganin mai shigowa, shi kuwa ba ya ganinsa. A lokacin ganiyarta tana ɗaukar mayaƙa kusan 2,000. Salahuddin Ayyubi da kansa ya yi zango kusa da ita a 1188, ya dube ta, ya wuce.

Sai dai dutse ba ya hawa tudu da kansa. Wani kaso na kuɗin aikin ya fito ne daga gonakin manoman yankin da kuma harajin da baraden suke karɓa daga garuruwan da ke kewaye da su, kuma ba a rubuta sunayen masu sassaƙa da masu dako a ko'ina ba. Wannan ne yake damuna duk lokacin da na karanta cewa wani basarake ya "gina" kaza.

A watan Maris na 1271 Sarkin Musulmi na Masar, Baibars, ya yi wa kagarar ƙawanya, aka haƙa ƙarƙashin wata hasumiya ta ganuwar waje har ta rushe. Masu tarihi sun ruwaito cewa an aika wa baraden wasiƙar jabu da sunan shugabansu tana ba su izinin miƙa wuya, kuma ranar 8 ga Afrilu suka fita da rayukansu. Baibars bai rushe ta ba. Ya gyara abin da ya ɓarke, ya ƙara hasumiyoyi, aka sassaƙa sunansa da tambarinsa na zaki a jikin bango, aka mai da cocin da ke ciki masallaci. A 1285 Sultan Ƙalawun na Masar ya ƙara babbar hasumiya mai kusurwa huɗu a kudu. Mai ziyara a yau zai ga mumbari a cikin ɗakin da aka gina domin ibadar Kiristoci, kuma 'yan taku kaɗan daga nan zai ga rubutun Latin yana gargaɗin cewa girman kai yana ɓata kowace baiwa.

Akwai kuma mutanen da aka fi mantawa da su. Bayan kagarar ta daina aikin yaƙi, talakawa sun shiga sun gina gidaje a cikinta. A shekarun 1930, lokacin da Faransa take riƙe da Siriya, aka fitar da mutum kusan 500, aka share gidajensu domin a fito da ginin baraden fili. An biya su diyya, kuma aikin ya ceci bangaye da dama, amma an zaɓi zamani ɗaya aka ce shi ne tarihi.

UNESCO ta sa kagarar cikin kayan tarihin duniya a 2006, sannan a 2013 ta sa ta cikin waɗanda ke fuskantar haɗari, bayan yaƙin basasa ya kai mata luguden wuta. Masu gyaranta yanzu su ne za su yanke abin da jikoki za su gani, saboda haka ina roƙon su ba hasumiyar Ƙalawun da mumbarin masallacin irin kulawar da za su ba zauren baraden, su kuma ɗauki magina daga ƙauyen Hisn da ke gindin tudun.