Ungozomar da muka rufe wa ƙofa

Assalamu alaikum ƴan uwana na Damagaram. Yau da kaina zan fara nasihar, don ina cikin masu laifin.

A layinmu akwai wata ungozoma mai aiki a gidan haihuwa, Madam muke ce mata. Yaran da ke wasan ƙasa a ƙofar gidajenmu, da yawansu a hannunta suka faɗo, har da autana. Kun tuna 2020. Ranar 19 ga Maris aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Yamai, aka rufe makarantu da masallatai, sai 13 ga Mayu, ana cikin azumi, aka sake buɗe masallatan. Aka ce kowa ya ba ɗan uwansa tazarar mita guda. To ina naƙuda ta san mita? Mace na durƙushe, ta riƙe wuyan rigarki tana numfashi a fuskarki tana kiran sunan Allah, ta ina za ki ja da baya? Haka Madam ta yi ta kwana a bakin aiki, takunkumi ya jiƙe sharkaf da gumin bazara, ga ƙishin azumi, har ranar da zazzaɓi da tari suka kayar da ita. Aka gwada, aka ce ita ce. Aka killace ta mako biyu.

Sai unguwa ta rabu biyu, kuma duka ɓangarorin sun zalunce ta. Wasu suka ce cutar ƙarya ce, kuɗi aka ba ta ta yi kwanciyar. Mu kuma da muka yarda akwai cutar, muka mai da gidanta kamar kushewa. Ga-ruwa ya daina kai musu ruwa, a garin da kowa ya san abin da ake nufi da rashin ruwa a watan Afrilu da Mayu. Ɗiyarta ta zo famfo, yara suka watse suna ce mata ɗiyar mai korona. Ni kuwa, kwanon buɗa-baki da na saba aika mata kowace shekara, na kife shi. Ko waya ban buga ba, kamar cutar tana bin layin salula.

Kada wani ya ce ina zargin kiyayewa. Annabi (SAW) da kansa ya ce idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan ta same ku a ciki kada ku fita. Nisantar jiki umarni ne. Amma wa ya hana a aje kunu a bakin ƙofa a ƙwanƙwasa a koma? Wa ya hana a ce sannu ta kan katanga? A hadisin da Muslim ya ruwaito, Allah zai ce ranar alƙiyama: ya ɗan Adam, na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba. Bawa ya ce ta yaya, alhali kai ne Ubangijin talikai? Ya ce bawana wane ya kwanta ba ka duba shi ba, da ka duba shi da ka same ni a wurinsa. Ku auna wannan da matar da wurin karɓar ƴaƴanmu ta ɗauko ciwon.

Daga baya ta gaya mini cewa ba sarƙewar numfashi ce ta fi hana ta barci ba. Matan da ta karɓi haihuwarsu kwanaki kaɗan kafin zazzaɓin ya bayyana, su take ƙirgawa da tasbaha ɗaya bayan ɗaya, tana roƙon Allah kada a ce ita ta shafa wa wani jinjiri. Muna gudunta, ita tana yi wa jegonmu addu'a. Wallahi har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Duk wadda ta san ta yi irin nawa ga wata ungozoma ko malamar asibiti, haƙƙin ɗan Adam ne, istigfari a kan sallaya kaɗai ba ya sauke shi. Ki sa mayafi ki je tun tana raye.

Ni sai da na shekara kafin na iya zuwa. Na zauna a bakin tabarmarta na ce, Madam, ki yafe mini. Ta ce, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ɗiyata. Sannan ta tambaye ni ko autan ya gama allurarsa ta rigakafi, ta ce in kawo mata katin ta gani.