Karkarwar tayar gaba: sauya na'ura kaɗai ba ya magani

Masu tsofaffin ƙananan jiragen sama irin su Cessna 150 da 172 sukan ɗauka cewa da tayar gaba ta fara karkarwa wajen sauka, na'urar kwantar da girgiza ce ta mutu. Sai a sa sabuwa, ba a jima ba matsalar ta dawo. Aikin na'urar rage girgiza ne, sau da yawa ba daga ita ciwon yake ba.

A danne wutsiyar jirgin har tayar ta bar ƙasa, a jijjiga ta da hannu. Idan ƙarafa masu kama da almakashi da ke jikin ƙafar tayar suna ƙwas-ƙwas, bushin da ke mahaɗarsu ya cinye. A duba boris, da iskar taya, da ko nauyinta ya karkata gefe guda. Sakwarkwacewar ƙarafan nan ce ta fi damuna, domin kowace sauka ƙara cin ƙarfen take.